Taga Ta Biyu

Tun da Malam Tanimu ya ga babu kowa a taga ta biyu, jikinsa ya ba shi yau akwai magana.

Tagogi biyu ne a ofishin rajistar littattafan waya na Funtuwa. Ta farko ta kamfanonin ɗab'i ce. Su ke tsaya wa marubuci idan an kai ƙara, amma littafinsu yakan sauya a wayar kowane mai karatu, ya koma yadda ransa ke so. A ta biyu mutum ke fitar da nasa da kansa. Ba a taɓa ko harafi, sai dai adireshin gidansa na manne a bangon littafin.

'Yarsa Rakiya ta rubuta jinyar mahaifiyarta, har da asibitin da ya ƙi karɓarta.

"Rakiya, ki bi ta farko. Mutanen asibitin nan ba a ja da su."

"Baba, ka karanta gwajin da kamfanin ya turo maka?"

Ya karanta, har sau uku. A nasa, matarsa ta warke, ta dawo gida tana faɗa an bar mata tukwane ba wanki.

"Na karanta," ya ce a hankali. "Ya yi daɗi."

"Shi ya sa, Baba. Inna ba ta dawo ba."

Ya goge gumin tafinsa a riga, ya bi ta taga ta biyu, ya dangwala yatsa a matsayin shaida. Ma'aikaciyar ta tambayi lambar gida, ya faɗa.

Wanda zai fara yi musu sallama, mai karatu ne ko lauyan asibiti, wannan kam bai sani ba tukuna.