Bugu Uku

"Ba zan sa hannu a ce hasumiyar nan lafiya take ba, Kawu."

Magajin gari ya buga tebur. "Mun tura ki har birnin Salamanca karatun gini, kin dawo ki hana mu buga ƙararrawar biki? Shekara ɗari takwas cocin nan yana tsaye, 'yar boko!"

Amma ita ce ta hau, ta zura hannu har gwiwa cikin tsagar da ke ƙarƙashin ƙararrawa. Kowane bugu ƙara buɗe ta yake. Ta kulle ƙofar hasumiyar, ta rataya mabuɗin a wuya.

Biki ya wuce shiru. Mai burodi ya daina amsa gaisuwarta.

Da sanyi ya shigo mahaifinta ya rasu, mutumin da ya shekara arba'in yana buga wa kowane mamacin garin ƙararrawa.

"Bugu uku kawai, 'yata," in ji uwarta. "Kada ya tafi kamar baƙo."

'Yar ta dubi masu makoki da suka cika gindin hasumiyar, ta girgiza kai.

Aka binne shi shiru. Har yau hasumiyar tana tsaye, uwarta kuwa ba ta sake kiran sunanta ba.