Makullin Murja

Na dire kwamfutar ɗiyata Murja gaban Nasiruddeen mai gyara a Kankia. Ma'ajiyar cikinta ta tsufa, za a kwashe komai zuwa sabuwa. Ni kuwa wai dabara: wajen kwasa makulli zai faɗi, in ga saurayin da take ɓoye mani.

Ya gama ya ce, "Umma, komai ya koma yadda yake. Abin da ta kulle yana kulle."

"To buɗe mani."

"Amana ce, Umma."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Allah Ya ba Murja miji irinka."

Ya yi ta zuba amin.

Sai a kan mashin, hanyar Kusada, na tuna: da ya kunna kwamfutar, bai tambayi kowa lambar sirri ba.