Wa Ke da Gidan Baba?

"Baba, gidan nan fa ba naka ba ne," in ji lauyar.

Tsohon attajirin ya sauke tabarau. Ya zo ne ya mallaka wa autarsa gidan. Lauyar nan ce ta yi shekara da shekaru tana kare masa dukiya daga haraji, har aka ƙara mata girma, aka ba ta ofis mai taga.

"To na wa ne, 'yar nan?"

"Na asusun amana ne. Asusun na kamfani ne, kamfanin kuma na wani asusun."

"Shi wancan asusun fa?"

Ta bi takardun da yatsa har shafin ƙarshe. "Na gidan ne, Baba. Gidan shi ke da kansa."

Ta jira ya sa a kore ta. Sai ya ce ta ɗauko jakarta.

Da suka isa ƙofar gidan, tsohon ya cire takalma, ya rusuna wa bango.

"Ke kika san halinsa," ya raɗa mata. "Roƙar mini shi. Ki ce ban taɓa barinsa yana yoyo ba."