Rigar Ruwan Baban Gayu

Tun da aka halicci duniya ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar yadda aka zalunci Baban Gayu ba. Haka dai ya ce, yana tsaye a ƙofar shagon mai wanki da rigar ruwansa a hannu.

Rigar rawaya ce, ita yake sawa ya hau babur yana kai saƙonni duk damina. Shi kuwa mutum ne da ko hankicinsa sai da karin guga. Yanzu ga ƙaton rami a bayanta, gefen ramin ya narke ya ƙanƙance.

“Ka kashe ni! Jiya na karɓe ta daga hannunka!”

Ya shaƙo mai wanki da hagu, don babban yatsansa na dama a naɗe yake da tsumma, ya maka shi da teburin guga. Garwashi ya watse. Mai wanki ya kai masa gwiwar hannu a baki, leɓe ya fashe. Baban Gayu ya tofar da jini can gefe don kada ya ɓata takalmi, sannan ya rarumi bokiti ya kwaɗa masa a ka.

“Yaya, wallahi ruwan sanyi na sa mata, na shanya a inuwa!” in ji mai wanki daga ƙasa. “Rigar ruwa ba ta son zafi. Ko a rana ba a barinta, balle guga. Sau nawa na gaya maka?”

“Ku ji shi, zai koya mini sa kaya!”

Da ƙyar maƙwabta suka raba su. Mai wanki ya dafe idonsa da ya kumbura. Ya san in aka ji yana ƙona kayan mutane, shagon ya mutu.

“Na ji, zan saya maka sabuwa,” ya ce.

“Mai hula,” in ji Baban Gayu. “Da aljihu biyu.”

“Ku ba ni hanya!”

Matar Baban Gayu ce ta ratso taron, ta riƙo dutsen gugarta kamar mai shirin fasa kan wani.

“Baban yara, kai nake nema. A ƙarƙashin gado na tsinto shi, ta gefenka.”

Ta juyo gindin dutsen. Roba rawaya ta liƙe masa kakaf.

Baban Gayu ya cusa yatsan nan a aljihu, ya gyara zaman hula.

“Kari ɗaya fa kawai na so in fitar mata.”