Ƙwan Da Bai Juya Ba

Likita ya kashe na'urar hoton ciki, ya ce, "Malama, sai haƙuri. Kan jaririn bai haɗu ba."

Ba ta yi kuka ba. Shekararta tara tana aiki da ƙwan kwaɗo a ɗakin bincike. Cikin awa ta farko bayan haɗuwarsa da maniyyi, fatar ƙwan takan ɗan juya, juyin nan shi ke nuna inda baya da kai za su fito. In bai juya ba, sai dunƙulen nama, ciki zalla. Amma in ta karkata farantin da ƙwan ke ciki kafin awar ta wuce, ƙwan ya tsira. Dubbai ta ceto haka, da yatsu biyu.

A mota mijinta ya ce, "Ke da kike gyara na kwaɗi, namu fa?"

"Na mutum ba haka yake ba, maigida. Kuma wata biyar ke nan."

Da yamma ya shigo ɗaki, ya tarar ta tokare gefen gadon da bulo biyu. Tana kwance a karkace, ta riƙe cikinta, idonta a kan agogo.