Kitson Kaka Inga

A ƙasar nan munduwa mai na'ura ce ke lissafa aikin baƙo. In hannu ya motsa ta ƙirga, in ya tsaya ta tsaya. Sai ta zama koriya ake ba mutum izinin zama na dindindin. Tawa saura ƙiris, bizata kuma ta kusa ƙarewa, ni kuwa na rantse ba zan koma gida hannu rabbana ba.

Kaka Inga, tsohuwar da nake jinya, yanzu ba abin da take so sai a riƙe mata hannu. A wurin munduwa wannan zaman banza ne.

Da safe ta kama ni ina satar kallon wuyan hannuna. Ta zare hannunta daga nawa.

"Lantana, yi min irin kitsonki."

"Kaka, ai gashin naki ba zai kamu ba."

"Na ce ki yi."

Na ɗauko mataji. Furfurar sai zamewa take, duk na ja sai ta runtse ido. Haka na lallaɓa na gama kalaba, munduwa tana ƙyaftawa.

Na miƙa mata madubi. Ko kallonsa ba ta yi ba, munduwata ta duba.

Ta ce, "Bai yi kyau ba. Tsefe ki sake."