Kalmomi Uku da Kofin Ruwa

"Allura, gada, tsintsiya. Riƙe su da kyau," in ji mijinta, ya miƙa mata kofi cike da ruwa.

Haka likita ya ce su riƙa yi tun da mantuwa ta fara cin ta: ta taka daga falo zuwa kicin, kada ruwan ya zube, kada kalmomin su gudu. Wai aiki biyu a lokaci guda yana wasa ƙwaƙwalwa.

Ta bi jikin bango a hankali, idonta a kan kofin. Ruwa ya isa lafiya. Kalmomin kuwa ko ɗaya babu.

"To, faɗa mini," in ji mijin, wanda ya biyo ta kicin.

Kunya ta hana ta cewa ta manta. Ta dubi abin da ke gabanta, ta ce, "Tukunya... taga... cokali."

Ya tafa hannu. "Daidai! Wallahi kin fi ni."

Ranta ya ɓaci, don ko ita ta san ba su ba ne. "Haba Malam, ka mayar da ni yarinya? Tausayi ne ya sa kake mini ƙarya?"

Shi ne fa gatanta yanzu. Shi ke ba ta magani, shi ke kashe gas, shi ya san hanyar gida. 'Ya'yansu duk sun yi nisa.

"Ƙaryar me?" ya tambaya, iyakar gaskiyarsa. Sai ya hangi kofin a hannunta, fuskarsa ta washe.

"Yawwa, har kin ɗebo ruwan? Zo mu fara. Yau ba mu yi aikin likita ba tukuna."